Na saka sabon batir a laftof amma ta ƙi yin caji

Habibu Taura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimakon masu ilimin kwamfuta. Laftof ɗina Dell Latitude E6430 ce, 'yar Beljiyam, da ita nake buga wa mutane takardu da ciro sakamakon WAEC da NECO a shagona, nan ƙauyenmu a bayan Taura. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da janareta ya yi tari sai ta ɗauke nan take, aikin da ban adana ba ya tafi. Haka na yi ta lallaɓawa har na tara kuɗi na ba wani direba ya sayo min sabo a Kano. Ya shiga daram, kuma ta gan shi, don ta nuna kashi 38. Amma in na zare caja yana raguwa, in na mayar ba ya ƙaruwa. Yanzu ya sauko 21, a ƙasa tana rubuta "plugged in, not charging". Don Allah me ya kamata in yi? Zuwa Kano ba ƙaramin kuɗin mota ba ne, ga rufe shago wuni guda.

Musbahu Gumel: Wa alaikumus salam. Jabu aka sayo maka, ba wata magana. Irin waɗannan batiran sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki fanko. Ka mayar tun rasit bai ɓata ba, kuma wannan karon ka je da ƙafarka, aike ba ya sayen kayan lantarki.

Alhaji Garba: Musbahu, a riƙa yin adalci. Kayan waya da na kwamfuta nake sayarwa, na san akwai jabu, amma na sha ganin mutum ya dawo da kaya yana kumfar baki, a gwada a gabansa a ga lafiyarsa ƙalau. Batirin da kwamfuta ta gane har ta karanta cajinsa, ta kuma yi aiki da shi, bai kamata a yanke masa hukunci da wuri haka ba.

Nura: Yaya Habibu, gwada wannan tukuna, ba ya cin ko sisi. Kashe ta, zare caja, cire batir, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar da komai. In bai yi ba, shiga Device Manager, ƙarƙashin Batteries za ka ga Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery. Ka cire shi, ka sake kunna kwamfutar, da kanta za ta mayar da shi. Ta wani abokina a Kafin Hausa da haka ta dawo.

Habibu Taura: Na gode Nura. Na yi duka biyun yanzu, tana nan yadda take.

Ɗan'asabe Mai Sola: Wace irin inbata kake da ita? Ƙananan nan masu araha wutarsu ba ta fita sumul, wasu cajojin har ƙara suke yi a kansu suna ɗaukar zafi. Gwada da janareta mu gani.

Habibu Taura: Na gwada da janareta, na kuma kai ta gidan mai unguwa da aka kawo wutar gari. Duk ɗaya ne.

Ɗan'asabe Mai Sola: To ba daga wuta ba ne. Mu jira Injiniya.

Injiniya Sabi'u: Salamu alaikum. Yanzu na rufe shago na ga saƙonnin. Habibu, kada ka hau mota tukuna. Abu uku nake so ka duba min. Akwai 'yar fitilar batir a jikin kwamfutar, in ka jona caja wane launi take bayarwa, kuma tsayawa take yi ko ƙiftawa? Sannan ka kashe ta, ka kunna kana danna F2 har ta shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke fitowa kafin Windows ta tashi, ka je General, ka shiga Battery Information, ka karanta min abin da aka rubuta a gaban AC Adapter. Na ƙarshe, ɗauko min hoton cajar tun daga filogi har bakin da ke shiga kwamfuta, kada ka bar ko taƙi ɗaya na wayar.

Habibu Taura: Oga barka da dare. Fitilar ƙiftawa take yi, ruwan goro sannan fari, ruwan goro sannan fari. A gaban AC Adapter an rubuta Unknown. Ga hoton nan na tura.

Injiniya Sabi'u: Alhamdulillah, mun kama bakin zaren. Batirinka ba shi da laifi a nan, cajar ce.

Ka leƙa cikin bakin cajar da tocila. Za ka ga bututu ne, a tsakiyarsa akwai wani siririn fil kamar allura. Mutane da yawa suna zaton ta fil ɗin nan wuta ke shiga, alhali ba haka ba ne. Wutar 19.5V tana bi ta bangon bututun na ciki, bangon waje shi ne negatif. Shi fil ɗin aikinsa magana ce kawai. A cikin cajar Dell akwai ɗan ƙaramin IC, wato 'yar ƙwayar lantarki mai riƙe bayani, da aka rubuta masa ƙarfinta, ko 65W ko 90W ko fiye, kuma ta wannan fil ɗin kwamfuta ke tambayarsa. In ta sami amsa sai ta buɗe hanyar caji. In ba ta samu ba, za ta karɓi wuta ta kunna kanta, amma ba za ta ba batir komai ba, kuma za ta rage gudun aikinta don kada ta ja abin da ya fi ƙarfin cajar da ba ta sani ba. Ƙiftawar ruwan goro da fari ɗin nan, a wannan samfurin ma'anarta ke nan: ba ta gane caja ba. Da batirin ne ya lalace, ruwan goro zalla za ka ga tana ƙiftawa.

Yanzu duba hotonka. Kamar kamu ɗaya daga akwatin cajar akwai baƙin salatif a naɗe. Me ya faru a wurin?

Habibu Taura: Ɓera ne ya ci wayar tun daminar bara. Mai gyaran rediyo na kasuwarmu ya haɗa min, kuma tun daga nan ba ta taɓa ƙin kunnawa ba.

Musbahu Gumel: To ai shi ne nake cewa. Caja tana aiki tun bara, sai da aka kawo sabon batir za a ce ita ce? Abin da ya shigo sabo shi ake tuhuma, Injiniya.

Injiniya Sabi'u: Tambayarka tana kan hanya Musbahu, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Ka tuna Habibu ya ce tsohon batirin ya daɗe da mutuwa. Mataccen batir ko an ba shi caji ko an hana shi, duk ɗaya ne a idon mai kwamfuta. Cajar ta daina yin caji tun ranar da aka haɗa wayar nan, babu dai wanda zai nuna hakan. Da aka kawo lafiyayyen batir sai matsalar ta fito fili, shi kuma aka ɗora masa. Na ga wanda ya canza batir, ya sake canzawa, ya yi faɗa da mai shago har aka shiga tsakani, ƙarshe fil ne ya lanƙwashe a bakin caja. Abin yana min ciwo, domin yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma kuɗin da suka kashe a banza ya isa ya saya musu caja mai kyau.

Habibu, bari in tambaye ka. Tun bara zuwa yanzu ba ta yi maka nauyi ba?

Habibu Taura: Wallahi ta yi. Word ma sai na jira kafin ya buɗe, har na kai aka sake mata Windows, ba ta canza ba. Na ɗauka tsufa ne.

Nura: Ikon Allah. Amma Oga, ai Dell takan yi gargaɗi tun wajen kunnawa in ba ta gane caja ba, har sai ka danna F1 kafin ta wuce. Me ya sa tasa ba ta yi?

Injiniya Sabi'u: Gaskiyarka Nura. A BIOS ɗin, ƙarƙashin POST Behavior, akwai Adapter Warnings. Masu sayar da 'yan Beljiyam da yawa suna kashe shi, saboda cajar da suke haɗa wa mai saye ba lallai ta zama ta asali ba, ba sa son rubutun ya fito a gabansa. Habibu duba naka.

Habibu Taura: A kashe yake. Na kunna, yanzu ga rubutun ya fito, wai ba a iya tantance irin cajar ba.

Malam Lawan: Sannunku da ƙoƙari. Ni dai mai karatu ne a gefe, amma ina da tambaya, Injiniya. Me ya sa kamfani zai ƙera abu haka? Wuta ai wuta ce. Wannan ba dabarar tilasta wa mutane sayen cajarsu ba ce?

Injiniya Sabi'u: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Akwai dalili na gaskiya a ciki. Kwamfuta tana aiki tana kuma cajin batir a lokaci guda, wutar da take ja tana da yawa. In cajar ƙarama ce kuma ba ta sani ba, za ta yi ta ja har cajar ta yi zafi, wata ta narke. Saninta da ƙarfin cajar kariya ce. Amma ni ma ina ganin tsarin ya yi tsauri ga irinmu. Waya ɗaya siririya ta tsinke, mutumin da ke ƙauye ya rasa caji gaba ɗaya, alhali wutar tana zuwa daidai. Inda aka ƙera ta, sabuwar caja ba wani abu ba ce. A nan kuwa sai an yi tafiya.

Malama Hauwa: Assalamu alaikum. Ba Dell kaɗai ba ce. Tawa HP ce, da ita nake shigar da bayanan allurar rigakafi, cajarta mai shuɗin baki, ita ma da fil a tsakiya. Yarona ya tura tsinken tsintsiya a ciki ya kwantar da fil ɗin, ta daina caji, sai da aka miƙar da shi a Dutse. Tun daga nan a jaka nake ɓoye ta. Malam Habibu ka duba naka fil ɗin ma, kada a tsaya kan salatif kaɗai.

Habibu Taura: Na duba Malama, a miƙe yake, ƙura ce dai a ciki, na hure.

Sagir: Ni fa ina ganin batirin ne ya yi barci don ya daɗe a shago. Ka naɗe shi a leda ka sa a firiza ya kwana, ko ka ɗan taɓa shi da batirin babur ya farka. Wani ya yi a gabana.

Injiniya Sabi'u: Sagir, don girman Allah kada ka ƙara ba kowa wannan shawarar. Habibu kada ka kusanci wannan. Batirin nan lithiyam ne, ƙwayoyi 6 ne a ciki, jimillarsu 11.1V, kuma akwai ɗan allo da ke tsaron kowane rukuni kada ya wuce 4.2V. In ka tura masa wutar batirin babur kai tsaye, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne fis ɗin allon ya ƙone, batirin ya kulle har abada. Mafi muni kuwa ya kama da wuta, kuma wutar lithiyam ba ta mutuwa da sauƙi. Shagon da ake ajiye galan ɗin fetur na janareta da tarin takardu ne fa. Firiza kuma raɓa za ta tara masa a ciki. Ban da haka, batirin da ya ɗauki kwamfuta daga 38 zuwa 21 ai ba barci yake ba.

Sagir: Na ji Oga. Allah ya huci zuciyarka.

Injiniya Sabi'u: Ba fushi ba ne ƙanena, na taɓa ganin tebur da irinsa ya ƙona ne.

Habibu, kafin ka taɓa salatif ɗin, ina so mu tabbatar. Nemi aron cajar Dell ta asali mai babban baki irin taka, ka jona, ka shiga F2. In ta rubuta 65W ko 90W, shi ke nan, cajarka ce. In ta sake rubuta Unknown, to matsalar ta koma ramin cajin kwamfutar ko kan bod, wato babban allon da ke cikinta, wannan kuma dole sai an kawo ta.

Alhaji Garba: A kula da abu ɗaya wajen aron. Tsohuwar cajar HP mai babban baki tana shiga ramin Dell daidai, har ta kunna ta, amma Unknown za ta nuna, don ba yare ɗaya suke ji ba. Haka cajar nan mai kawuna da yawa da ake canza mata baki. Kada ka gwada da su ka ce ramin ne ya lalace.

Habibu Taura: To Alhaji. Akwai wani malamin sakandare da ke zuwa mana daga Ringim, na ga Dell a hannunsa. Zan tare shi gobe in sha Allahu. Zan kashe ta haka nan kada batirin ya ƙarasa.

Injiniya Sabi'u: Ka yi daidai. Cire shi ma ka ajiye a inuwa, ka yi aiki da caja kaɗai kamar da. Kada ka bari ya sauka ƙasa ya zauna a haka, nan ne sabon batir ke lalacewa da gaske.

Habibu Taura: Jama'a barkanmu da rana. Malam ya ba ni aron tasa, 90W ce. Ina jonawa fitilar ta tsaya fara ƙal ba ƙiftawa, BIOS ya rubuta 90W. Kafin ya gama shan shayi ta haura 40. Kuma wallahi gudunta ya dawo, kamar ba ita ba. Sai dai ina tsoro, tawa 65W ce, 90W ba za ta yi mata yawa ba?

Ɗan'asabe Mai Sola: Ba za ta yi ba. Abin da ake tsoro shi ne V ya bambanta, kuma duka 19.5V ne. Shi W iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne, kwamfuta iya buƙatarta take ɗiba. Kamar rijiya ce da guga, yawan ruwan rijiya ba ya fasa guga.

Musbahu Gumel: To Alhamdulillah. Amma ni har yanzu ina cewa a gwada batirin. Yin caji daban, riƙe caji daban.

Injiniya Sabi'u: Wannan kam gaskiya ne, kuma yanzu ne lokacinsa, tun mai shagon bai manta fuskar direban ba. Habibu, bar shi ya cika 100. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto ya nuna inda yake. Ka nemi Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko abin da aka ce batirin yana ɗauka ne, na biyu abin da yake ɗauka yanzu. Mai ƙwaya 6 na wannan samfurin 60Wh ne, wato wajen 60,000 mWh, kuma a sabon batir lambobin biyu su yi kusa da juna. In Windows ɗinka 7 ce wannan umarnin ba zai yi ba, sai daga 8 zuwa sama. Amma kada ka dogara da rahoton kaɗai, don jabu yana iya rubuta ƙarya a allonsa. Zare caja ka yi aikinka na kullum kana kallon agogo. In yana sauka a hankali, lafiya. In ya kai kamar 40 sai ya faɗo 7 ko ta ɗauke gaba ɗaya, ƙwayoyin tsofaffi ne aka sa wa sabuwar riga, ka mayar.

Alhaji Garba: Ka kuma ɗaga shi da tsohon, ɗaya a kowane hannu. In sabon ya fi sauƙi sosai, akwai magana.

Habibu Taura: Windows 10 ce. Zan yi duka. To ita cajar tawa fa, a jefar?

Injiniya Sabi'u: A'a, a duba ta tukuna. Zare ta daga soket, ka jira fitilarta ta mutu, sannan a warware salatif ɗin. Wayar Dell hanya uku ce: biyu masu kauri na wuta, sai wata siririya a can tsakiya, ita ce ke zuwa fil. Mai gyaran rediyo ya saba da waya biyu, ina kyautata zaton ya haɗa manyan ya ga ta kawo wuta ya naɗe, ba da mugunta ba. Ka koma wurinsa ka nuna masa ta ukun. Ya haɗa kowace da dalma, ba murɗawa da hannu ba, ya naɗe kowace daban kafin ya haɗe su. Siririyar nan kada ta kuskura ta taɓa mai wuta, in 19.5V ya bi ta cikinta IC ɗin cajar zai ƙone, wani lokacin har ya taɓa bod ɗin kwamfuta. Haka in zai auna da mita, kada ya cusa tsinken mitar ya haɗa fil da bangon ciki. Cajoji da yawa a wajen awo suke mutuwa.

Habibu Taura: Oga, Allah ya saka da alheri. Mun warware a gabana. Ga siririyar nan fara, a lanƙwashe gefe guda, ko feɗe ta ba a yi ba. Baba mai rediyo ya ce shi ya ɗauka zaren ƙarfafa waya ne. Ya haɗa da dalma yadda ka ce, ya ƙi karɓar ko kwabo. Na jona, BIOS ya rubuta 65W, fitila fara. Batirin kuma rahoto ya nuna lambobin kusa da juna, na yi aiki da shi tun bayan azahar har la'asar bai faɗo ba.

Malam Lawan: Ma sha Allah. Allah ya yi wa Injiniya albarka, ya ƙara buɗi. A gaida Baba mai rediyo.

Malama Hauwa: Amin. Injiniya, tunda ana maganar, zafin nan na Afrilu da Mayu fa? Ofishinmu rufin kwano ne, da rana tawa har ƙona cinya take yi.

Injiniya Sabi'u: Amin Malam, na gode. Malama, zafi shi ne babban abin da ke cinye batir a ƙasar nan. Lithiyam ba a so a yi masa caji in ya wuce digiri 45, wasu batiran ma da kansu suke tsayar da caji in sun yi zafi, sai mutum ya zaci lalacewa ce. A ɗakin kwano da tsakar rana ba wuya a kai hakan. In da hali a yi caji da safe ko bayan magariba. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa suke, a sa ta kan tebur a ɗan ɗaga bayanta. Bayan hunturu kuma a kai a buɗe a share ƙurar fanka.

Habibu, haɗin nan zai kai ka wani lokaci, amma wayar da aka taɓa yankewa ba ta son lanƙwasa, kada ka riƙa naɗe ta a wurin. Ranar da za ka sayi wata, tafi da kwamfutar, a jona a gabanka ka shiga F2, sai ka ga W a rubuce kafin ka miƙa kuɗi. Da dare kuma rataye cajar a ƙusa, ɓeran bai ƙaura ba.

Habibu Taura: In sha Allahu. Saura tambaya ɗaya, tsohon batirin yana nan a ƙarƙashin tebur. Yara sun ce in ba su, wai akwai batiran tocila a ciki.

Injiniya Sabi'u: Akwai, irin ƙwayoyin 18650 ne, amma kada ka ba yara. Da wuƙa ko ƙusa za su fasa, kuma in aka huda ƙwaya ɗaya ko aka haɗa kawunanta, wuta ce. Kada ka jefa shi a juji ma, tunda ana cinna wa juji wuta. Liƙe bakinsa da salatif, ka ajiye shi nesa da fetur da rana, duk ranar da direban zai shigo Kano ka ba shi ya miƙa wa masu gyara a Beirut Road, suna da mitar da za su ware masu rai daga matattu.